Faɗuwar gaba: daga maciji a ƙarƙashin dami zuwa rumbun da ya kusa ƙarewa

Da kaka, in an gama yankan hatsi an ɗaure dammuna, akwai aikin da ba a yi masa garaje a gonakin Sassumbrum, wato ɗaga damin da ya kwana biyu a ƙasa. Ɓera na son ƙarƙashin dami, maciji kuwa na son ɓera. Mutum zai sunkuya ya sa hannu ya ɗago, sai idonsa ya faɗa kan wani abu a naɗe mai launin ƙasa. Kafin ka ce kwabo ya saki damin, ya yi tsalle baya taku uku, bakinsa na salati. Sai da ya tsaya sannan ya duba da kyau. Ashe guntun igiyar kaba ce da aka yar tun bara.

Yara za su tuntsire da dariya, shi ma zai taya su. Amma ka dube shi. Hannunsa na rawa, zufa ta karyo masa, ƙirjinsa na dukan uku-uku, yawun bakinsa ya ƙafe har sai ya ce a miƙo masa gora. Can kuma gwiwarsa ta yi sanyi, ya nemi gindin gawo ya zauna. Igiya ce, ya gani da idonsa, amma jikinsa zai ɗauki mintoci kafin ya yarda.

To wa ya ba ƙafafun nan umarnin tsalle, alhali mai su bai riga ya san abin da ya gani ba?

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tsoro a jiki yake sauka, shi ya sa in zai faɗe shi sai ya kama sunan gaɓa. Gabana ya faɗi. Hantar cikinsa ta kaɗa. Cikinta ya ɗuri ruwa. Tsikar jikina ta tashi. Idonsa ya raina fata. In ka bi waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya, ka aza su kusa da abin da likitoci suka gano da na'urori, za ka sha mamakin yadda suka dace. Kakanninmu ba su feɗe kowa ba, sun dai saurari jikinsu da kyau.

A can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wasu 'yan curi biyu da girmansu bai wuce na ƙwallon dabino ba, ana kiransu amigdala. Su ne masu gadi. Abin da ido ya gani yakan isa gare su a gurguje, a dishi-dishi, tun kafin sashen da ke tantancewa ya gama aikinsa. Mai gadin nan ba ya jiran tabbas. Gara ya tada gari a kan igiya sau ɗari da ya yi shiru a kan kububuwa sau ɗaya. Kuma ba ya mantuwa, shi ya sa aka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Da ya yi gangami, sai saƙo ya bi jijiyoyi ya sauka kan ƙoda. Kowace ƙoda na da wani ɗan nama a bisanta kamar hula, nauyinsa bai wuce giram 5 ba, daga nan ake tsiyayo sinadarin adrenalin cikin jini. Wani masani ɗan Japan, Jokichi Takamine, shi ya tace wannan sinadari tsantsarsa a farkon ƙarni na 20. Cikin daƙiƙoƙi zuciyar da ke bugawa sau 70 a minti sai ta haura 120. Hanyoyin iska a huhu su buɗe. Hanta ta kwance suga da ta ajiye ta zuba cikin jini, ka ga kenan mai cewa hantarsa ta kaɗa bai yi nisa da gaskiya ba. Ƙwayar ido ta buɗe. Jini ya janye daga fata da hanji ya nufi manyan tsokoki na cinya da dantse, don haka tafin hannu ke sanyi, leɓe ya yi fari, mutum ya ji kamar wani abu ya zube a tsakanin ƙirji da cibiya. Wannan ita ce faɗuwar gaba. 'Yan tsokokin da ke gindin gashi su ɗaure, tsika ta tashi. Jinin ma yakan ƙara saurin daskarewa, shirin ko-ta-kwana saboda rauni.

Batun ciki kuwa akwai labari. A ƙarshen shekarun 1890, wani ɗalibin likita a jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, yana amfani da hoton ƙashi, wanda a lokacin sabon abu ne, don kallon yadda tumbin kyanwa ke niƙa abinci. Sai ya lura cewa da zarar kyanwar ta fusata ko ta firgita, motsin tumbin yakan tsaya cik. Daga wannan lura ya gina aikinsa, har a 1915 ya fitar da littafi kan sauyin da jiki ke yi a halin zafi da yunwa da tsoro da fushi. Shi ne ya yaɗa fahimtar cewa jiki na shirya kansa ne don ɗayan biyu, a tsaya a gwabza ko a ranta a na kare. Narkar da tuwo aikin gobe ne, mai gudun ceton rai ba ya buƙatarsa yanzu. Can ƙasa kuma hanji da mafitsara kan saki, shi ya sa wanda ya razana ƙwarai kan nemi bayan gida ba shiri. Ba ragwanci ba ne, kodayake an sha yi wa mutane waƙa a kai.

Sai dai wannan shiri mai kyau yana iya zama tarko a ranar da abin da ke ƙarƙashin damin maciji ne da gaske, kuma ya riga ya sara. Duk jikin mutum na ce masa ruga gida. Gudun kuwa shi ke ƙara tura dafi cikin jiki. Abin da masana ke cewa shi ne a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko abin hannu, a ɗora shi kan amalanke ko babur zuwa likita. Ban da ɗaurewa tam da igiya, ban da tsagawa da aska, ban da tsotsa. Akwai kuma ruɗani, domin tsoro kaɗai na iya kawo jiri da amai da bugun zuciya ko macijin bai zuba dafi ba, ita kuwa kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa, takan bar mutum yana hira da ƙafarsa a kumbure alhali jininsa ya daina daskarewa, sai daga baya dasashi ya fara tsattsafo jini. Mai ihu na iya zama lafiya lau, mai shiru na cikin haɗari. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba, kuma rashin ambatonta na cutar da mutane. Wani in tsoro ya kai maƙura ba ya gudu, ba ya faɗa, sandarewa yake yi. Murya ta ɗauke, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Wani bincike da aka buga a 2017 kan mata 298 da suka je wani asibiti a Stockholm ta ƙasar Suwidin bayan an yi musu fyaɗe ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 sun ce jikinsu ya ƙame a lokacin. Duk wanda ya taɓa zama inda ake sasanta irin wannan magana a zaure ya san tambayar da ake fara jefa wa yarinya: to me ya hana ki yin ihu? Amsar na cikin jiki, kuma ba zaɓinta ba ne.

Haka in firgita ta sa mutum numfashi sama-sama da sauri, iskar da ya kamata ta rage cikin jini takan fita da yawa, sai leɓe da yatsu su fara tsira, hannu ya danƙare, ido ya yi duhu. A makarantun Nijar an sha ganin 'yan mata suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a aji, ana cewa iskoki ne. Ba zan shiga gardamar malamai da likitoci a nan ba. Abin da na sani shi ne tsoro na da saurin yaɗuwa fiye da mura, kuma taruwa a kan yarinya ana ihu ba ya rage shi.

Duk wannan labarin minti goma ne. An gina shi don haɗarin da ke da farko da ƙarshe: maciji, bijimin da ya ƙwace a kasuwa, gobara a danga, ko mintocin da ɗan kokawa ke yi yana jiran a kira sunansa ganga na tashi. In abin ya wuce, wata babbar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da hanji sai ta ja linzami. Zuciya ta lafa, yawu ya dawo, mutum ya yi ajiyar zuciya, yunwa ta kama shi.

Haɗarin da ya fi damun mutumin Sassumbrum ba irin wannan ba ne. Nasa ba ya tsalle daga ƙarƙashin dami. Yana zaune ne a tsakar gida, a siffar rumbu.

Ƙasar Magarya, inda Sassumbrum take, har da Dungas da aka cire daga cikinta a 2011, na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki sun rarraba ta. Mutanen nan ba su zauna ba, su ne suka raya gawo a gonakinsu har masana daga ƙasashen waje ke zuwa kallon yadda Magarya da Matamai da Mirya suka sake yin kore. Amma a gidaje da yawa hatsin da aka girbe ba ya kai wa wata kaka. Tun bazara maigida ke leƙa rumbu yana lissafi a zuci: tiya nawa a rana, kwana nawa suka rage, yaushe ɗan da ya tafi biɗa zai aiko. In ruwa ya sauka aka yi shuka, sai ido ya koma sama. Kwana goma ba hadari, barci ya ƙaura.

Ƙara da cewa arzikin yankin a ɗaure yake da Najeriya, ga ƙasar Daura nan kusa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A farkon 2023 canjin takardun naira ya busar da kuɗi a hannun mutane, ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin mai, ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, iyaka ta sake rufuwa har zuwa Maris 2024. Daminar 2024 kuma ta zo da ambaliyar da ta rusa gidaje a faɗin ƙasar, har tsohon masallacin Birni a Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Ɗan kabu-kabu, mai sayar da wake, matar da ke jiran aike daga Kano, kowa ya ji a jikinsa, kuma "a jikinsa" ɗin nan ba salon magana ba ne kawai.

Wanda ya fara nuna haka a fili shi ne Hans Selye, a Montreal ta Kanada, a 1936. Ya ga cewa ko me ya yi wa ɓerayen gwajinsa na takura mai tsawo, sanyi ne ko gajiya ko allurar guba, abu iri ɗaya yake tararwa in ya buɗe su: naman kan ƙoda ya kumbura, gaɓoɓin garkuwar jiki sun motse, tumbi ya yi gyambo. Sinadarin da ke tsakiyar wannan lamari a jikin ɗan Adam shi ne kotizol. Shi ba ya gaggawa kamar adrenalin, yakan kai ƙololuwa ne bayan minti 20 zuwa 30. Aikinsa ya tabbatar suga bai yanke wa ƙwaƙwalwa ba, ko da za a narkar da tsoka a samo shi, ya kuma dakatar da duk wani gyara da zai iya jira. Na kwana ɗaya, dabara ce. Na wata shida, kamar mai cire azarar ɗaki ne yana hura wuta.

An auna wannan. A 1995 masu bincike a jihar Ohayo ta Amurka sun yi wa mata ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu. Waɗanda ke jinyar wani nasu mai ciwon mantuwa sai da rauninsu ya ɗauki kusan kwana 9 fiye da na sauran kafin ya warke. A Jamus, lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, likitocin yankin Munik sun ga masu ciwon zuciya na gaggawa sun ninka fiye da sau biyu a ranakun da ƙasarsu ke wasa. A Japan kuma tun 1990 aka bayyana wani ciwo da ake kira takotsubo, inda mummunan labari kan raunana tsokar zuciya farat ɗaya, kuma galibi mata masu shekaru yake kamawa. In an ce baƙin ciki ya kwantar da wance bayan rasuwar ɗanta, likita ba shi da dalilin yin murmushi.

Amma kada a ɗora wa tunani abin da ba nasa ba. Gyambon ciki da ake cewa damuwa ce ke kawo shi, yawancinsa wata ƙwayar cuta ce, kuma Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya sun karɓi kyautar Nobel a 2005 saboda gano hakan. Yana da magani. Hawan jini ma, ko tansiyo kamar yadda ake cewa a likita, gado da shekaru da gishiri da dunƙulen miya duk suna da hannu, damuwa ƙari ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce baligi ɗaya cikin uku a duniya na da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Ba ya ciwo. Sai ranar da dattijo ya faɗi a bayan gida ɓarin jikinsa ya mutu, a ce iska ta buge shi. Awon da zai nuna ko jini ya haura 140 bisa 90 bai kai minti biyar ba.

Mu kuwa an rene mu da dauriya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji ba ya cewa tsoro nake ji, sai dai ya ce kaina ke ciwo, ko jikina duk ya mutu. Mace na naƙuda tana cije leɓe don kunya. Ina ganin akwai martaba a wannan tarbiyya, ba na raina ta. Sai dai fuska ce ke yin dauriya, ƙoda da zuciya ba su san da ita ba. Samari kuma sun samo tasu hanyar toshe bakin jiki, wato tiramol, don a yi noman kwana biyu a yini ɗaya. Gajiya ma gangami ce, kashe ta da ƙwaya kamar ɗaure bakin kare ne alhali ɓarawo na cikin gida, kuma ƙwayar in ta yi yawa tana jefa mutum cikin farfaɗiya.

Abin da ke jan linzami ba baƙo ba ne a wurinmu. Fitar da numfashi a hankali na rage bugun zuciya. Wani bincike da likitocin Italiya suka jagoranta, aka buga a 2001, ya nuna cewa masu maimaita addu'a da carbi numfashinsu kan sauka zuwa kusan sau 6 a minti, zuciyarsu ta daidaita. Kiristoci da masu yoga aka gwada, amma wanda ya taɓa zama bayan sallar asuba yana jan tasbihi zai gane abin da ake nufi. Haka zaman makoki, haka hirar dandali, haka gayya, haka maƙwabciyar da za ta shigo ta ce, "Yaya, kawo yaron in riƙe miki, je ki kwanta."

Wannan maƙwabciya ta fi ƙarfin a kira ta mai kirki kawai. Uwa mai shayarwa in hankalinta ya tashi takan ce nononta ya ƙafe. Abin da ke faruwa shi ne sinadarin da ke sa nono ya zubo, oksitosin, firgita da zullumi na tare shi na ɗan lokaci. Nonon na nan, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa. In uwa ta ɗauka ya tafi ta rage ba yaro, ta koma ba shi ruwa ko koko, to a nan ne zai ragu da gaske, domin tsotso ke kiran nono. Jaririn da aka fara ɗura wa ruwan rijiya a tsakiyar damina kuwa, zawo na jiransa.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa Magarya. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta fara aiki a can tun yunwar 2005, kuma sashen yara na asibitin garin kan cika maƙil duk shekara a lokacin malka, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro da ƙarewar hatsi ke haɗuwa. A Satumba 2018 ƙungiyar ta sanar cewa yara sama da 700 ne ke kwance, kuma a watan da ya gabata ana rasa kimanin 10 a kowace rana.

A ɗakunan nan ne mutum ke ganin ƙarshen labarin da ya faro daga tsallen manomi. Jikin yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa ya daɗe yana tsimi. Ya narkar da kitse, ya narkar da tsoka, ya rage wa zuciya da hanta da ƙoda aiki. Har gangamin ma ya daina iya yi. Ƙwayar cuta na iya cika jininsa amma jikinsa ba zai yi zafi ba, sanyi ma zai yi, ya sauka ƙasa da digiri 35. Hantarsa ba ta da sugan da za ta kwance. Shi ya sa ƙa'idar jinya ta ce a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ba a ga alama ba, a ba shi ruwan suga tun daga ƙofa, a lulluɓe shi ko a manna shi a ƙirjin uwarsa. Ba a saurin ɗaura masa ƙarin ruwa ta jijiya, don zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba. Ba a kuma cika masa ciki, sai wata madara mai sauƙi da ake kira F-75, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu, dare da rana. Iyaye mata kan yi mamaki, yaro na mutuwa da yunwa ana auna masa abinci da ɗan kofi.

Irin wannan yaro ba ya kuka sosai. Yana kwance ido a buɗe, ƙuda na sauka a leɓensa bai kore ba, a soka masa allura ya ɗan yamutsa fuska kawai. Baƙo zai ce yaron na da haƙuri. Masu jinya sun san shirun nan, kuma shi suka fi tsoro. Cikin matakai goma na jinyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara har da wasa da yaro, da yi masa magana, da rungumarsa, kuma ba don ado aka sa ba. A Jamaika an bi yaran da suka tsumbure waɗanda aka riƙa kai wa ziyarar wasa a gida a shekarun 1980, bayan shekara 20 aka tarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100.

Alamun da ake jira a gadon nan ƙanana ne. Kumburin ƙafa ya fara saɓewa. Yaro ya bi kofi da ido. Wata safiya mai jinya ta zo da ma'aunin zafi, yaron da kwana huɗu bai motsa ba ya ɗago hannu ya ture ta, ya ƙanƙame zanen uwarsa, ya tsala kuka har jijiyar wuyansa ta fito. Uwar ta shiga rarrashi tana ba da haƙuri, "Yi shiru mana, ba ka ga malama ba ce?" Malamar kuwa ta ce a bar shi ya yi, ta ɗauki takardarsa ta rubuta a fara sauya masa madara.